A wasan gina tarin kati, lissafi ya fi sa'a yawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani kan wani nau'in wasan kati da ake yi wa kallon sa'a zalla, alhali lissafi ya fi yawa a cikinsa. Muna nufin wasan da kowa ke farawa da 'yan katuna marasa ƙarfi, yana sayen sababbi daga tsakiyar tebur, har ya gina tarin da zai ci wasa da shi. Ba caca ba ce, kuɗin da ake saye da su ma katuna ne na cikin kwalin wasan. Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Dominion na Donald X. Vaccarino, wanda ya fito a 2008, ya kuma ci kyautar Spiel des Jahres ta Jamus a 2009. Da shi za mu ba da misali, tunda ƙa'idojinsa sun fi fitowa fili.

Kowane ɗan wasa yana farawa da kati 10: Tagulla 7, kowacce kuɗi ɗaya, da wasu 3 na maki ɗaya-ɗaya da aka rubuta wa Estate, mu kira su Gandu. A kowane zagaye ka ɗebi kati 5, kana da damar buga katin aiki ɗaya (katin da ke yin wani abu na musamman in an buga shi, kamar ɗebo ƙarin kati), da damar saye ɗaya. Azurfa ana sayenta a 3 ta ba da 2, Zinariya a 6 ta ba da 3. Katin maki na tsakiya, Duchy, wato Gunduma, ana sayensa a 5 ya ba da maki 3. Babban shi ne Province, Lardi, a 8, maki 6. Idan mutum biyu ne ke wasa, Larduna 8 ne kacal a tebur. Da zarar sun ƙare, ko kuma wasu tuli uku na kowane irin kati sun ƙare, wasa ya tashi.

To, a nan gizo ke saƙar. Katin da ka saya ba hannunka yake zuwa ba. Yana tafiya tulin da ka zubar, ya zauna can sai tulin ɗibarka ya ƙare an gauraya. Don haka kafin ka miƙa hannu kan kowane kati, ka tambayi kanka sau nawa za ka ƙara ganinsa kafin a tashi, da kuma su wa zai zo tare da su a hannu. Katin maki kuwa ba ya komai sai ranar ƙirga. Duk lokacin da ya faɗo hannunka ya cinye gurbin da kuɗi za su zauna.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Kuɗi 7 a kati 10, kowane kati 0.7 ke nan, hannu guda kuma 3.5. Lardi yana buƙatar 8 daga kati 5, wato 1.6 a kan kowane kati. Duk abin da za ka yi a farkon wasa ƙoƙari ne na tashi daga 0.7 zuwa 1.6, ko ka ƙara katuna masu nauyi, ko ka rage marasa amfani, ko ka sami hanyar riƙe fiye da kati 5 a zagaye ɗaya. Tagulla kyauta ake ɗaukarta, sabon ɗan wasa kan ce ai banza ta samu. Amma da zarar matsakaicinka ya haura ɗaya, kowace Tagulla da ka ƙara baya take ja da kai. Sau da yawa zagayen da ka tashi ba ka sayi komai ba ya fi wanda ka sayi tarkace.

Hannu biyu na farko suna raba Tagullar nan 7 ko dai 4 da 3, ko 5 da 2. Rabon 5 da 2 sau ɗaya cikin shida yake zuwa, don haka kada ka ɗora shirinka a kansa. Abin da ka saya a waɗannan zagaye biyu ya fi kowane saye tasiri, domin shi za ka fi yawan gani. Bayan sayen biyu kana da kati 12. Zagaye na uku ya ɗebi 5, na huɗu ya ɗebi 5, saura 2 a ƙasa da ba za su shiga gaurayawa ta gaba ba. Yiwuwar katinka mai daraja ya kasance cikin biyun nan ɗaya ce cikin shida. Wannan kam ba yadda ka iya. Abin da kake da iko a kansa shi ne karo. Idan ka sayi katunan aiki biyu waɗanda ba sa ba ka damar buga wani aiki bayansu, yiwuwar su haɗu a hannu ɗaya a zagaye na uku ko na huɗu ita ce 20 cikin 66, kusan kashi 30 cikin ɗari. Sun haɗu, ɗaya ya tafi a banza. Shi ya sa masu gogewa kan haɗa katin aiki ɗaya da Azurfa, sai in katunan biyu suna da ƙarfin da ya cancanci kasadar.

Mu zo kan zubar da shara, wanda shi ne abin da ya fi ba sababbi tsoro. Akwai kati mai suna Chapel, 2 kawai ake sayensa, yana ba ka damar fitar da kati har 4 daga hannunka zuwa shara, ba su dawowa. A ce ka fara da shi da Azurfa, a zagaye na uku hannunka ya zo da Chapel, Gandu biyu, Tagulla biyu. Mai tsoro zai jefar da Gandu biyun, ya riƙe Tagullar ya sayi wani abu na 2. Abin da ya fi shi ne a jefar da huɗun gaba ɗaya, a haƙura da saye a zagayen. Kafin nan kana da kuɗi 9 a kati 12, wato 0.75. Bayan nan kana da 7 a kati 8, kusan 0.88. Ba hawan matsakaicin ne kaɗai ribar ba. Tari mai kati 8 yana juyowa da sauri, duk Azurfa ko Zinariyar da ka saya za ta dawo hannunka cikin zagaye ɗaya ko biyu. Maki 2 da ka yi asara na Gandu, Lardi ɗaya ya mayar da su har sau uku.

Sai dai garin neman gira kada a rasa ido. Wanda ya zubar da Tagullarsa duka kafin ya ajiye Azurfa ko biyu zai wayi gari da hannun da ba ya iya sayen kati na 3, ya koma ɗaukar Tagullar da ya jefar. Kafin kowace zubarwa ka ƙirga jimillar kuɗin da za su rage a tarinka kaf. In ba su kai ka sayi Azurfa cikin sauƙi ba, ka dakata.

Kuskure na biyu da ya zama ruwan dare shi ne son katin Village, Ƙauye. Ana sayensa a 3, yana ba da kati ɗaya da damar aiki biyu. Daɗin bugawa gare shi, mutum ya jera uku ko huɗu a tebur kamar yana wani abin kirki, a ƙarshe ya duba hannunsa Tagulla huɗu ne. Ƙauye shi kaɗai gurbinsa kawai yake mayarwa. Amfaninsa sai an haɗa shi da kati irin Smithy, Maƙera, mai kuɗi 4, mai ɗebo kati 3. Ka buga Ƙauye, hannunka yana nan a 5. Ka buga Maƙera, ya koma 7, kuma kana da sauran damar aiki ɗaya. Katunan Laboratory biyu, masu ba da kati 2 da damar aiki ɗaya kowanne, su ma nan za su kai ka, amma su 10 za su ci maka, waɗannan 7. Bambancin shi ne Ƙauye da Maƙera sai sun zo tare, kuma Ƙauyen za ka fara bugawa. In ka fara da Maƙera ka ɗebo Ƙauye, ya zama hoto. Kowane Ƙauye ɗaya yana ɗaukar nauyin ƙarin kati ɗaya mai rufe hanya. Ka fara mallakar masu aikin tukuna, sannan ka sayo abin da zai buɗe musu hanya. Kuma in tebur ba shi da katin da ke ƙara damar saye, irin Market, ka sani ko ka tara 16 a zagaye ɗaya Lardi ɗaya za ka ɗauka. A irin wannan tebur doguwar sarƙa ɓata lokaci ce, wanda ya tsaya kan Azurfa da Zinariya da Maƙera ɗaya ko biyu zai riga ka.

Akwai wata dabara da ba a cika lura da ita ba: ba dole ne ka buga katin aiki don kawai yana hannunka ba. A ce hannunka Zinariya biyu, Azurfa ɗaya, Gandu, da Maƙera, kuma kati 2 suka rage a tulin ɗiba. Kuɗinka 8, Lardi ya samu. In ka buga Maƙera, za ta ɗebi biyun nan, na ukun kuma sai an gauraya tulin da ka zubar. Zinariyarka biyu da Azurfar suna hannu a lokacin, ba za su shiga ba, za ka yi zagaye da dama kana ɗibar tarin da babu su. In ka bar Maƙerar ka sayi Lardinka, duk abin da ke hannunka zai sauka tulin zubarwa kafin a gauraya, Zinariyar ta dawo da wuri. Ƙa'idar wasan ta yarda ka ƙirga katunan da suka rage a tulin ɗibarka, amma ba ta yarda ka bincika tulin da ka zubar ba. Saboda haka riƙe manyan katunanka a ka: nawa suka wuce, nawa ke tafe.

Katunan hari kuwa a taƙaice. Witch, Mayya, tana ba ka kati 2, tana kuma cusa wa abokin karawarka Tsinuwa, mai rage maki ɗaya. A wasan mutum biyu Tsinuwa 10 ce. In ta rabu 7 da 3, tazarar maki 4 ce, amma babbar illar ita ce matattun katuna 7 da ke toshe hannu. Wanda ya riga samun Mayya ya ci rabin faɗan, kuma tulin Tsinuwa in ya ƙare yana cikin ukun da ke tayar da wasa.

Yaushe za a fara sayen maki? Amsar tana ga yawan gaurayawar da ta rage. Zinariyar da ka saya saura zagaye biyu a tashi wataƙila ba za ka ko gan ta ba, alhali Gunduma maki 3 ce a aljihu. Abin da masu wasa da yawa ke bi shi ne idan Larduna sun ragu zuwa 4, hannun 5 zuwa 7 ya tafi kan Gunduma, idan sun koma 2 har Gandu ana ɗauka. Ba doka ba ce, amma ta fi gaba-gaɗi. Mai katin Remodel, wanda ke musanya kati da wanda ya fi shi tsada da abin da bai wuce 2 ba, yana iya mayar da Zinariya Lardi kai tsaye. A tsakiyar wasa wannan ɓarna ce, a zagayen ƙarshe kuwa ita ce daidai.

Sai tarkon Lardi na kusa da ƙarshe. Saura biyu a tebur, kana da maki 21, abokin karawarka 23, hannunka ya kawo 8. Zuciya za ta ce ɗauki Lardi. Ka ɗauka, ka koma 27, shi kuma in ya sami 8 ya ɗauki na ƙarshe ya tashi da 29, ka sha kaye. Amma in ka ɗauki Gunduma, ka koma 24, tarkon ya koma kansa: ya ɗauki Lardi ya kai 29, kai ka ɗauki na ƙarshe ka tashi da 30. Wannan ma sai an duba. In ka ga Zinariyarsa duk sun sauka a zagayen da ya wuce, tulinsa kuma ya cika da Tsinuwa da katunan maki, to da wuya ya haɗa 8, ɗauki Lardin kawai. A tuna kuma in maki ya zo daidai, wanda ya yi zagaye mafi ƙaranci shi ke ci, don haka wanda ya fara wasa ba ya wasa da kunnen doki. Haka nan a riƙa leƙa sauran tulin. Mai rinjaye da damar saye biyu yana iya kwashe katunan ƙarshe na tuli na uku ya rufe wasa alhali kai kana ta gini.

Sauran wasannin wannan gida sun ɗan bambanta. A Star Realms na 2014 katuna 5 ne ke jere a tsakiya suna sauyawa, don haka wani sayen ana yinsa ne don hana abokin karawa. A Slay the Spire, na kwamfuta da waya, bayan kowane faɗa ana nuna maka katuna ka zaɓi ɗaya, akwai kuma damar ka wuce ba ka ɗauki ko ɗaya ba. Cire kati a shagon wasan yana farawa daga zinariya 75, kowane cirewa kuma ya ƙara 25 a kan na gaba, saboda haka katunan farko marasa ƙarfi ake fara sallama tun kuɗin bai hau ba.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu masu sha'awar wasannin tebur