Wasiƙa zuwa ga Edita: Faɗan "wa za ta aura" ya fara wuce wasa

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu turo wasiƙu. Dan Allah a ɗan sammin fili a shafin masu karatu in yi magana akan wani abu da na san wasu za su ce haba, ga manyan matsaloli sun cika duniya sai ki zauna kina rubuto maganar wa ya auri wa a fim ko a littafi. Toh su yi haƙuri su ji ni, dan mutanen da ake aurarwar a cikin labari dai ƙirƙirarsu aka yi, amma waɗanda ake zagi a kansu suna nan da ransu, suna da iyaye, kuma suna karanta duk abin da aka rubuta musu.

Duk mai bin fim mai dogon zango ko littafin da ake saki kashi-kashi ya san yanda abin yake farawa. Yarinya ɗaya masoya biyu, ko namiji ɗaya mata biyu. Ɗaya sun taso tare tun yarinta, ya san abin da ke sa ta kuka ya san abin da ke sa ta dariya, ɗayan kuma daga baya ya faɗo cikin labarin, miskili mai ji da kai, baya magana sai harara. Kafin a kai rabi masu kallo sun rabu gida biyu, tim wane da tim wane, kowa ya canza hoton furofayil ɗinsa, a yanko inda ya kalle ta na sakan biyu a rage wa bidiyon gudu a ɗora waƙa a kai, wai ga hujja nan ita yake so. Ni wallahi bana ganin laifin wannan, rabin daɗin labari kenan ai, ka gama kallo ka samu wanda za ku yi ta musu da shi har dare ya raba.

Kuma ba intanet ce ta kawo shi ba. A 1868 wata marubuciya 'yar Amurka, Louisa May Alcott, ta fitar da kashin farko na littafinta Little Women, sai 'yan mata suka yi ta rubuto mata wasiƙu suna tambayar wa 'yan matan labarin za su aura, da yawa suna so lallai Jo ta auri Laurie, wani saurayi maƙwabcinsu. Matar nan ta rubuta a littafinta na ajiyar sirri cewa ba za ta aurar da Jo ga Laurie dan ta faranta wa kowa ba. Da kashi na biyu ya fito a 1869 sai ta bai wa Jo wani farfesa Bajamushe da ya girme ta sosai, shi kuma Laurie ta haɗa shi da ƙanwar Jo ɗin. Har yau akwai masu jin haushinta akan haka, fiye da shekara 150 fa. Amma a lokacin in ranka ya ɓaci sai ka nemo takarda da alƙalami, ka rubuta, ka kai gidan waya, kafin wasiƙar ta isa ma ka huce. Yanzu kuwa marubucin yana cikin aljihunka, kafin ya ajiye waya bayan ya tura shafi ka riga ka zage shi.

Sannan su kansu manhajojin nan, Facebook ne ko TikTok ko X, abin da mutane suka fi tsayawa a kai suna kwament shi suke ƙara turo wa jama'a. Wanda ya zauna ya yi bayani cikin natsuwa me yasa yake ganin wance ta fi dacewa da wane, mutum nawa ne za su gani? Amma wanda ya ce duk mai son wancan tim ɗin ba shi da tarbiyya, nan da nan ɗaruruwa sun taru suna ramawa, kowace ramuwa kuma ƙara ɗaga fos ɗin take yi, 'yan kallo su ma su shigo tunda faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. A haka masu baƙar magana suke zama shugabannin tim ba tare da kowa ya zaɓe su ba.

Na ga yanda hakan ya kashe wani labari a gabana a wani guruf na masu karatu a WhatsApp. Marubuciyar da waya take rubutunta, kyauta take turo mana, wani lokacin har haƙuri take bamu in ta makara saboda ba caji. Ranar da ta turo shafin da yarinyar ta amsa wa miskilin cikin masoyanta biyu cewa tana sonsa, kafin wasunmu ma su gama karantawa guruf ya kama da wuta. Wata ta turo saƙon murya tana kuka da gaske, har da shessheka, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da marubuciyar an ɓata mata lokaci. Wata ta rubuta "daga gani ke ma irin mazan da kike bi kenan shi yasa". Wata kuma, wannan ce ta fi tsaya min a rai, ta ɗauki sikirinshot na hoton marubuciyar ta kai wani guruf daban aka yi ta yi wa kamanninta dariya. Su kuma waɗanda nasu ya ci maimakon su yi shiru sai suka cika wajen da sitika na rawa da gwalo. Admin ta rufe guruf ɗin, da aka buɗe bayan kwana biyu marubuciyar ta turo layi ɗaya cewa ta dakata da rubutu sai yadda hali ya yi, har yau bamu ji ƙarshen labarin ba, ba tim ɗin da ya samu auren da yake so.

Abin da ya fi ɓata harkar a ganina shi ne yanda aka mai da zaɓin mutum ya zama hukunci akan halinsa. Da can cewa ake yi ni wane ya fi burge ni, shikenan. Yanzu sai a ce in kina son miskilin to kina goyon bayan a wulaƙanta mata, in kuma kina son mai haƙurin to ke mai raina mace ce, kina so a ba shi ita ladan wahalar da ya sha kamar ita ba ta da zaɓi. Kar a fahimce ni ba daidai ba, akwai labaran da suke ɗaukar namiji mai duka da tsawa da kulle mace su shafe shi da turare su ce wai tsananin so ne, kuma ya kamata a faɗi hakan ƙarara, musamman da yake yara 'yan shekara sha uku sha huɗu suna karantawa. Amma labarin za a soka, a nuna shafi kaza ya mare ta kuma marubucin ya wuce kamar ba a yi komai ba. Ita baiwar Allah da ta ce yana burge ta a littafi ba ta ce tana so a yi mata haka a gida ba, mutane nawa ne suke son fim ɗin 'yan fashi kuma ko allurar wani basu taɓa ɗauka ba? Da zarar ka yarda cewa wanda ke ɗaya ɓangaren mugu ne, to duk abin da ka yi masa sai ka ga kamar aikin lada kake yi, daga nan ake kaiwa ga tono sunan mutum na gaskiya da hotonsa da inda yake karatu.

Manyan marubuta ma basu tsira ba. Labarin zane na Japan ɗin nan Naruto, shekara 15 ana bin sa, da ya ƙare a watan Nuwamban 2014 a babi na 700 aka ga Naruto ya auri Hinata, masu son a ba shi Sakura suka yi ca akan mai labarin, Masashi Kishimoto, har takardar koke aka buɗe a intanet wai a haramta labarin a Amurka. A 2017 kuma hotunan wasu zane-zane na shirin Voltron da ba a riga an sake su ba suka fita daga kamfanin da ke zana shi a Koriya ta Kudu, kamfanin ya roƙi a goge, sai wani ya ce shi ba zai goge ba sai an haɗa masa taurari biyun da yake so soyayya a cikin shirin. Garkuwa da labari kenan ƙiri-ƙiri. Ita kuwa J.K. Rowling, littafin Harry Potter na ƙarshe ya fito tun 2007 an aurar da Hermione ga Ron kowa ya kama gabansa, sai a 2014 ta yi wata hira da Emma Watson, wadda ta fito a matsayin Hermione a fim, ta ce ta wasu fuskoki Harry ya fi dacewa da ita. A hirar dai ta kuma nuna cewa Ron da Hermione za su iya zama lafiya in sun samu mai ba su shawara, amma wa ya tsaya karanta wannan? Kowa ya yanki inda ya yi masa daɗi ya koma fagen fama.

'Yan wasa kuma su ne ake huce haushin kaza a kan dami. Jaruma an ba ta takarda ta haddace ta yi abin da darakta ya ce, an biya ta ta tafi gida, sai ta ɗora hoton ɗanta ko na mijinta na gaskiya a shafinta ka ga mutane a ƙasa suna cewa mayya ki rabu da wane ba naki bane.

Ban wanke masu shirya labaran ba fa. Da gangan wasunsu suke jan igiyar, wannan satin a ba wannan tim abin murna, sati mai zuwa a ba wancan, saboda sun san muddin ana faɗa ana kallo. A lokacin finafinan Twilight har riguna aka riƙa sayarwa masu ɗauke da sunan tim ɗin kowane saurayi. Wanda ya hura wuta dan kasuwarsa ta buɗe bai kamata ya zo yana mamakin hayaƙi ba. Amma mafi muni shi ne marubucin da ya tsorata ya bi masu ihu. Mai karatu yana ganewa wallahi. Mutumin da aka yi rabin littafi ana nuna mana kirkinsa, rana ɗaya sai a wayi gari wai ashe mashayi ne ko yana da wata mata a ɓoye, ko kawai a sa shi a mota a yi hatsari da shi dan a share wa ɗayan hanya. Waɗanda suka yi ihun sun samu biki amma labarin ya riga ya mutu, ko su basa komawa su sake karanta shi.

Gara ma abin da wasu masoya labarai suke yi, in ƙarshen bai yi maka ba ka zauna ka rubuta naka. Akwai shafin Archive of Our Own da masu karatu suka kafa da kansu, an buɗe shi ga jama'a a 2009, a can kowane labari da alamar su wa aka haɗa a cikinsa, ka zaɓi wanda kake so ka tace wanda baka so, ba sai ka gan shi ba balle ranka ya ɓaci. A 2019 har lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya da na almara, shafin ya samu. Wadda ta iya rubuta zagi mai tsawon shafi biyu ai ta iya rubutu, ta juya shi ya zama babi mana mu karanta.

Roƙona gare ku Malam Edita, in shafinku na nishaɗi zai yi irin tambayar nan ta wa ya fi dacewa da wance, a riƙa neman mutane su faɗi dalili daga cikin labarin, kuma a sa wani ya riƙa share kwament ɗin da ya koma zagin iyaye ko ɗora hoton wani. Sannan dan Allah ku nemi marubutan intanet ɗin nan, musamman mata masu turo labari kyauta, ku yi hira da su ko da ba za a faɗi sunansu ba, ku tambaye su irin saƙonnin da suke samu ta bayan fage, da kuma ko sun taɓa canza ƙarshen labari saboda tsoro. Ni dai ina so in ji amsar wannan tambaya ta biyun daga bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku,
Wata mai karatu