Shekara 38 muna wasiƙa, yanzu ta ce in zo Rasha kafin idonta ya rufe

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi miki sannu da aiki, ke da duk masu taimaka miki a wannan fili. Allah Ya saka da alheri. Na daɗe ina sauraron yadda kike warware wa mutane matsalolinsu, yau ga shi layi ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Zariya, na yi ritaya bara. Shekaruna 57, 'ya'yana biyar, maigidana ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Abin da ya hana ni barci kwanakin nan maganar wata ƙawata ce 'yar Rasha, wadda muka shekara 38 muna rubuta wa juna wasiƙa, amma ko sau ɗaya ban taɓa riƙe hannunta ba. Yanzu ta gayyace ni hutun sabuwar shekara, gidana kuma ya rabu biyu a kan maganar.

Yayana marigayi ne ya haɗa mu. Yana cikin ɗaliban Nijeriya da suka sami gurbin karatu a Tarayyar Sobiyet, ya karanta injiniya a birnin Leningirad, wanda aka mayar wa tsohon sunansa na San Fitasbag a 1991. A jami'ar birnin akwai sashen da ake koyar da harsunan Afirka, har da Hausa, kuma mutanen can sun buga ƙamus na Hausa da Rashanci tun 1963. Wata ɗaliba a sashen ta ji Yaya yana Hausa da wani abokinsa, ta tsaya ta gaishe su, ta ce tana neman wadda za ta riƙa rubuta wa don hannunta ya faɗa. Sai ya ba ta adireshina. Wasiƙarta ta farko ta iso a 1987, ina da shekara 19, bayan ta yi kusan mako shida a hanya. Ta buɗe da "Ranki ya daɗe", ta zana ƙugiyar kowace ƙ da ɗ a tsanake kamar mai ɗinkin hula, ta tambaye ni ko gaskiya ne a Zariya akwai watannin da ruwa ba ya sauka ko ɗigo. Da na ji ranar Talata aka haife ta sai na raɗa mata Talatu, kuma da sunan take sa hannu har yau.

Hajiya, wasiƙun nan suna cikin adakar da aka kai ni ɗakin miji da ita, na ɗaure su shekara-shekara da zaren lilo, na zuba ganyen darbejiya saboda gara. Rayuwata kaf tana ciki. Ta san ranar da aka ɗaura mini aure, ta san ɓarin da na yi wanda ko ƙannena ban gaya wa ba. Ni ma na san wuyar da suka sha bayan ƙasarsu ta wargaje a ƙarshen 1991, lokacin da albashinta ba ya kai ta tsakiyar wata, ta ajiye aikin fassara ta koma sayar da kaya a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A shekarar ce aka sa ran za a turo ta Nijeriya ta ƙaro Hausa, maganar ta bi ruwa. Da na shiga takaba, duk mako sai saƙonta ya zo, har na fita. Ta je ta karanta abin da takaba take nufi, ta ƙirga kwanakin da kanta, ranar da na cika wata huɗu da kwana goma ta aiko mini da hoton mayafin ulu mai manyan furanni da ta saya mini. Da ya iso na same shi da ƙanshin gidanta. Shi nake yafawa da asuba idan hunturu ya kankama.

To, watan jiya ta rubuto da wani irin rubutu manya-manya, layin yana gangarowa ƙasa. Hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu, na dama ma saura kaɗan, likita bai ba ta tabbacin zai kai bazararsu ba. Ta ce: "Ƙawata, a waya fuskarki hazo ce. Ki zo in gan ki da sauran idon da Allah Ya bar mini." A gidanta ba mai jin Hausa sai ita. Ranar da ta daina gani, ba wanda zai karanta mata takardata, ba kuma wanda zai rubuta mini tata. Kiran WhatsApp da muke ɗan yi ma tun watan Agusta ya daina shiga yadda ya kamata, saboda an taƙaita shi a can. Na karanta wasiƙar nan sau uku a tsakar gida, na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada jikokina su ga hawayena.

Za ki ce me ya sa sai cikin sanyi. Dalili shi ne a Rasha babban hutunsu daga 1 zuwa 8 ga Janairu yake, kuma a kwanakin ne kawai 'yarta da ke aiki za ta samu sukunin ɗauko mu daga filin jirgi, ta yi mana rajistar baƙi da hukuma ke buƙata, ta kai mu inda za mu. Talatu ba ta iya fita ita kaɗai yanzu. Ba ta ɓoye mini komai game da yanayin ba. Ta ce a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe goma na safe, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, hasken yini bai cika awa shida ba. Kogin Neba da ya ratsa birnin daskarewa yake yi. Ni kuwa ina da sanyin ƙashi a gwiwa, ina kuma shan maganin hawan jini. Na je na ga likitana, ya ce in dai na riƙe maganina, na rufe jiki sosai, na kiyayi santsin ƙanƙara, bai ga abin da zai hana ni ba. Don haka sanyin ba shi ne ya fi damuna ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne babban ɗana. Yaron kirki ne, tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da na faɗa masa, ya yi shiru har shayinsa ya huce, sannan ya ce: "Umma, ƙasar nan yaƙi take yi da Yukiren tun Fabrairun 2022. Jirage marasa matuƙi suna kai hari, ana rufe filayen jirgin sama ba shiri. Katin banki irin Visa da Mastercard na waje ba ya aiki a can, sai ki ɗauki dala a jaka. In wani abu ya same ki, ta ina za mu fara?" Na ce ai autana zai raka ni, ya gama bautar ƙasa, yana zaune bai sami aiki ba, kuma shi ne muharramina, don ni ba zan ƙetare ƙasa ni kaɗai ba. Nan ne fuskarsa ta canja. Ya ce ko ban ji labaran da ake yi na samarin Afirka da aka yaudara da sunan aiki ko karatu suka tsinci kansu a fagen daga ba? Ya ce in ma na ƙi ji a kan kaina, kada in ɗauki ƙaninsa in kai shi bakin kura.

Na ji labaran, Hajiya, kuma sun tayar mini da hankali. Amma a fahimtata waɗancan dillalai ne suka kwashe su, suka sa hannu a takardun da ba su iya karantawa ba. Mu kuwa da takardar gayyata daga gidan da na sani shekara 38 za mu nemi biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, da tikitin dawowa a hannu, kwana goma kacal. Na faɗa masa haka. Ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma ba zai hana ni ba, in na tafi Allah Ya kiyaye. Kin san irin wannan "Allah Ya kiyaye" ɗin. Tun ranar yana zuwa gaishe ni kullum kamar yadda ya saba, sai dai ba ya zama cin tuwo. 'Yan matan biyu suna bayansa. Autan da mai bi wa babban suna bayana. Ban taɓa ganin 'ya'yana sun rabu a kan wani abu kamar wannan ba, kuma ni ce sanadi.

Ga kuma maganar kuɗi. Ba jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Rasha, sai an yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Istanbul, in ta Mosko aka sauka kuma a hau jirgin ƙasa na kimanin awa huɗu. Tikitin mutum biyu da biza da inshora za su cinye abin da na ware daga garatutina don Umara. Na sauke faralina tun maigida na da rai, alhamdu lillahi, amma na yi niyyar komawa in yi masa addu'a a gaban Ka'aba. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta ji labari ta aiko a gaya mini wai zan musanya Makka da garin da ba a kiran salla. Maganar ta yi mini zafi. Ba ta san cewa a birnin akwai babban masallaci mai shuɗiyar ƙubba da aka fara salla a cikinsa tun 1913 ba, kuma a cikinsa Yaya ya riƙa yin Juma'a duk shekarun karatunsa. Talatu ta taɓa zuwa ta tsaya a ƙofarsa ta ɗauko mini hoto bayan rasuwarsa. Duk da haka ban iya ce wa ƙanwar mahaifiyar tawa komai ba, domin ni ma tambayar tana cina: shin ya dace in karkatar da kuɗin da na yi wa niyyar ibada zuwa ziyarar wadda ba Musulma ba, ko da kuwa ta fi wasu 'yan uwan jini riƙe ni?

Akwai wani abu kuma da ban gaya wa yaran ba, don kada ya ƙara musu hujja. Daren 31 ga Disamba shi ne babban darensu. Dangi na taruwa a tebur guda, a jira agogon fadar Kiremlin ya buga sha biyu a talabijin, a buɗe kwalba, kowa ya ɗaga kofi. Ranar 7 ga Janairu kuma Kirsimetinsu ne, don cocinsu da tsohuwar kalanda yake lissafi. Talatu ta san addinina sarai. Ta ce ta sa an sayo sababbin tukwane saboda ni, nama kuma wajen Tatar Musulmi za a sayo, naman alade ba zai shiga gidan ba muddin ina ciki, ta kuma ware mini ɗaki da inda alƙibla take. Har jadawalin salla ta sa 'yarta ta bugo, ta ce in shirya, Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa uku za su zo. Amma surukinta da 'yan uwansa za su sha abinsu a daren, ba ta da ikon hana su, ni kuma na san an hana mu zama a teburin da ake shan giya. Tashi daga teburin kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gidan. Mahaifiyar Talatu tana yarinya aka yi wa Leningirad ƙawanya a yaƙin duniya na biyu, daga 1941 zuwa 1944, har aka kai lokacin da rabon yaro a yini giram 125 ne na burodi. Tsohuwar har ta rasu ba ta yarda a zubar da ɓarɓashin burodi ba, tattarawa take yi da tafin hannu ta sa a baki. A gidan da aka tashi da wannan, baƙon da ya bar abinci ya tashi ya taɓa wani wuri mai ciwo. Ba na son in yi tafiyar nan duka in je in ɓata mata daren da take jira.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta riga ta tafi. Na je gwanjo a Sabon Gari na sayo rigunan sanyi biyu da safar ulu na ɓoye a ƙasan adaka. Na daka mata yaji, na ware kuka da kuɓewa busasshiya, don ta shekara 38 tana karanta sunan miyar kuka ba ta taɓa ɗanɗana ba. Amma ba na son in hau jirgi ɗana na kwana da fargaba, kuma in wani abu ya sami autana a can, ban san da idon da zan kalli 'yan uwansa ba.

Don haka ki ba ni shawara, Hajiya. Ta yaya zan shawo kan babban ɗana ya yarda da zuciya ɗaya, ba don kunyata ba? Ko tsoronsa ne daidai, ni ce ƙauna ta rufe wa ido? In kina ganin ɗaukar saurayi zuwa can a wannan lokaci ganganci ne, akwai ƙanin mahaifinmu ɗaya da ya rage, ya haura sittin, ko shi zan roƙa? Ina kuma roƙon ki miƙa wa malamin da kike gayyatowa filin nan tambayoyina biyu, ta kuɗin Umara da ta zaman teburin: shin in na ci abinci da su da wuri, na shiga ɗakina kafin a buɗe kwalba, na fita haƙƙin kowa? Kuma da wane lafazi zan faɗa wa Talatu tun yanzu, yadda ba za ta ji na ƙyamaci gidanta ba?

Takardar gayyatar ta iso ranar Litinin, kuma in za mu nemi biza bai kamata mu wuce ƙarshen watan nan ba. Talatu na jiran amsata. Na fara rubuta mata da babban alƙalamin allo don ta iya gani, na tsaya a gaisuwa.

Wassalam.

Taki,
Malama mai ritaya, daga Zariya