Kujeru biyu, mu huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗaki da yara da su Inna. Yaya Kano, yaya kasuwa? Mu nan Jidda alhamdu lillahi, sai gumin da ka sani, wanda ko da dare ba ya sakin mutum. Saƙonka ya iso. Ka ce kana ganin filin ƙwallo na Jauhara a talabijin maƙil da jama'a, kana tambaya ko har yanzu muna shiga, ko kuwa mun koma kallo a shagon mai shayi. Muna shiga, amma da dabara, kuma dabarar nake so in ba ka labari.

Ƙwallon da ka bari a 2019 ba ita ce yanzu ba. Tun da Ronaldo ya sauka ƙungiyar Nasr ta Riyad a farkon 2023, sai asusun zuba jarin gwamnati ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Ittihad da Ahli da Hilal da Nasr a watan Yuni na shekarar, aka kawo mana Benzema da Kante a Ittihad, ku kuma 'yan Ahli aka kawo muku Mahrez da Kessie. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da muka ci Auckland City 3-0 a gasar kulob-kulob ta duniya a nan garin, a Disambar 2023, muryata sai da ta dishe. Sai dai duk wanda aka kawo daga Turai yana zuwa da 'yan kallonsa. Ƙananan wasanni har yau ana samun tikitinsu da sauƙi. Amma ranar Ahli ko Hilal ko Nasr, kafin mutum ya taso daga aiki ya buɗe wayarsa an kwashe, daga baya ka gan shi a hannun 'yan kasuwar bayan fage da farashin da ko ji ba ka son yi.

Aljihunmu kuwa ka fi kowa sanin halinsa, tunda shi ya mayar da kai gida. Kuɗin da ake biya wa iyali a kan iƙama, wato takardar izinin zama, wanda ya fara da riyal 100 a 2017, ya kai riyal 400 a wata a kan kowane kai tun 2020. A shekarar ce kuma harajin saye ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Sannan aka rushe unguwannin su Karantina da Sabil da Gulel, mutanenmu suka watsu, haya ta hau. Mai mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke fita kowane wata kafin a ɗora tukunya. Irin wannan mutumin yaya zai kalli matarsa ya ce ya sayi tikitin kaka guda?

Shi ya sa muka haɗu mu huɗu: ni, da telan nan maƙwabcinka na da, da wani direba ɗan Makka, da wani bawan Allah mutumin Mai Wurno ta Sudan da ba ka sani ba, bayan tafiyarka ya zo. Muka yi karo-karo muka sayi kujeru biyu na kaka, kusa da juna. Kamar adashi dai, kowa ya zuba, kowa da ranar kwasarsa. Ƙungiyoyi 18 ne a gasar, saboda haka wasannin gida 17 ne, kujeru biyu sun ba da zama 34. Kowa ya samu takwas, biyu suka rage, kuma biyun nan muka ce su ne na ranar Ahli.

A nan aka yi ta. Wa zai yarda a ce ranar da ake karawa da ku yana gida? Tela ya ce girma ya kamata a bi, shi ne babba. Direba ya ce ai motarsa ce ke kai mu, filin kuma can arewacin gari yake, ba tafiyar wasa ba ce. Ni na ce a jefa ƙuri'a, biyun da ba su dace ba su ɗauki ranar Hilal, kuma a kan haka aka tsaya. Ranar Nasr ce ta fi ba mu wuya, don ba mu ke rigimarta ba, yara ne. Kowane yaro a gidajenmu Ronaldo yake so ya gani da idonsa, ko da kuwa rigar Ittihad ce a jikinsa. Muka daɗe muna juya maganar, daga ƙarshe mutumin Mai Wurno ya ce a ba babba ɗaya da yaro ɗaya, shi kuma ya janye, tunda nasa yaran ba sa nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 iyalinsa ke gudun hijira, abin da yake samu can yake turawa. Ɗan Hilal ta Omdurman ne tun yana yaro, ƙungiyar da sai da ta je Mauritaniya ta buga gasar ƙasar, ita da Marrikh, don babu halin wasa a gida. Ya taɓa ce mini sa'o'i biyun da yake yi a fili su ne kaɗai lokacin da ba ya duba waya yana jiran mummunan labari. Da na ji haka, na samu sauran biyun muka rage masa kasonsa ba tare da ya sani ba. Kar ka faɗa wa kowa.

Doka ɗaya ce na dage a kanta, kuma har gobe ina kan bakana: ba mai sayar da ranarsa. Tikiti yanzu ba takarda ba ne, a waya yake, kuma da sunan mutum. Wanda aiki ya riƙe, ko rashin lafiya, ya mayar wa 'yan'uwa, ko a ba wani yaro da bai taɓa shiga ba. Na san kuɗin da ake tayawa ranar babban wasa yana iya biya wa mutum wata buƙata, kuma na san akwai mai buƙatar a cikinmu. Amma in muka fara haka, mun zama irin mutanen da suka hana mu shiga tun farko.

Kuma fa tikiti ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai mai ko kuɗin tasi, akwai ruwa da abin taɓawa, wanda a ciki ya fi waje tsada, shi ya sa muke cika ciki da burodin tamis da waken ful kafin mu tashi. Mai aikin dare kuma ya yi asarar daren. In ka je da yaro, ba ka fita sai ya nuna maka riga.

Abin da ke ci mini rai, aminina, shi ne mu ba baƙin wannan ƙwallo ba ne. Ittihad tun 1927 take, kuma 'ya'yan unguwanni ne suka riƙe ta da ganga da waƙa tun tana tsohon filin Yarima Abdullahi Faisal a kudancin gari, kafin a buɗe Jauhara a 2014. Dubi sunan Hausawi a bayan riguna. Usama Hausawi, haifaffen Makka, daga Wahda ya taso, shi ya ɗaura wa Saudiyya kambun kyaftin a gasar duniya ta 2018, ga Umar ga Mu'utaz tare da shi. Irin waɗannan a lungu suke koyon ƙwallo, kuma wani ne yake kama hannunsu ya kai su fili suna ƙanana. Ana shirin karɓar gasar duniya a 2034, ana gina filaye. Ni roƙona kawai a ware wani ɓangare mai rahusa, kuma a sauƙaƙa wa yara, don fili mai cin mutum fiye da 60,000 ba zai rasa wurin ɗan tela ba.

Ban manta ba, barka da kofin Asiya. Ranar da kuka ci Kawasaki 2-0 a Mayun 2025, garin nan bai yi barci ba, kuma na tuna hawayenka na 2022 da kuka faɗa rukuni na biyu. Mu ma Allah ya ba mu lig da kofin Sarki a shekarar, saboda haka kofunan duka a Jidda suka kwana.

Ka rubuto mini labarin Pillars. Nawa ake shiga filin Sani Abacha yanzu, kuma kana kai yaran? Ka ce kana niyyar Umra bana in Allah ya hore. Ka sanar da ni watan da wuri, in duba jadawali in yi musaya da direba, ya kasance ranata ta faɗo lokacin da kake nan. Na riga na yi masa maganar, ya amince.

Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce ina neman addu'a. Mutanen gidana suna gaida naka.

Wassalam,
Amininka a Jidda