Godiya ga ma'aikatan shagon kwamfuta na unguwarmu, Mabera

Assalamu alaikum.

Godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto ta inda jama'a za su gani.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ni aka ɗora wa riƙon takardun gado: na gida, na gonaki, hotunan katin ɗan ƙasa na magada, har da lambobin asusun bankin kowa. Yayyena biyu ba sa gari, ɗaya yana Birnin Kebbi, ɗaya yana Gusau, kuma kowannensu yana son nasa a hannu. Sai na zo shagonku da filashi, na ce a zuba mini a faifan DVD uku in biya in wuce.

Saurayin da ke kan kwamfuta ya ce, "Baba, wa zai kai su?" Na ce direba, a tasha. Ya ce to duk wanda faifan ya faɗa hannunsa zai karanta komai. Ni kuwa a zatona kalmar sirrin kwamfutata ta gida ce ke tsaron takardun. Ya yi murmushi ya ce wannan kwaɗon ƙofar ɗaki ne, ba ruwansa da kayan da aka fito da su waje. Ya ƙara da cewa DVD-R ba a goge shi, abin da aka zuba ya zauna, don haka sai an kulle kafin a zuba.

Na zauna ina kallo. Ya tattara fayilolin cikin ƙunshi ɗaya da manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, ya zaɓi kullen AES-256. Ya kuma danna wani ɗan akwati mai ɓoye sunayen fayilolin, domin a cewarsa ko ganin "gonar Wamakko" a rubuce ya isa ya ba mugu haske. Wannan kam ban taɓa kawo shi a rai ba.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne lokacin sa kalmar sirri. Ya gargaɗe ni kada in sa lambar waya ko shekarar haihuwa, in nemi doguwar magana wadda ba zan manta ba, don in ta ɓace mini ko shi ba zai iya buɗewa ba. Daga nan ya turo mini allon rubutun, ya tashi ya juya baya har na gama. Yaron da na yi jika da shi!

Takardun ba su cika rabin faifan ba, tunda yana ɗaukar gigabait 4.7. Ya gwada kowane ɗaya a wata kwamfutar, sannan ya goge abin da ya rage a tasa a gabana, har kwandon shara. Ya ce kalmar a faɗe ta ta waya, kada a rubuta a jikin faifai ko ambulan, kuma kada a bar shi cikin rana, kun dai san zafin Sakkwato.

Na Birnin Kebbi ya isa washegari. Na Gusau har yau babu labarinsa, direban ya ce ya ajiye a gaban mota bai sake ganinsa ba. Raina ya ɓaci, amma na yi barcina. Da na dawo muku, daga nawa faifan kuka kwafi wani yadda yake a kulle, ba wanda ya tambaye ni kalmar, kuɗin faifai kawai kuka karɓa.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙaro kasuwa, ya saka wa iyayen da suka ba ku tarbiyya.

Naku,
Wani magidanci daga Mabera, Sakkwato