Fomaika Ta Fi Banish a Akwatunan Cikin Mota

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan akwatunan katako da kafintocinmu ke haɗawa a cikin motocin bas, waɗanda 'yan kasuwar Gujungu da Maigatari ke ajiye kaya har su kwana a ciki. Kafintoci da yawa banish, wato man da ke sa katako sheƙi, kawai suke shafawa, alhali zafin bazara a rufaffiyar mota yana tsattsaga shi. A motata fomaika, wato siririn falle mai tauri da ake mannawa a kan katako, ita ce ta yi ƙarko, musamman inda ake ɗora tukunya, domin an goge katakon sosai, an shafa gam a fuskar katakon da ta fomaikar, an bari ya sha iska kafin a manna. Bakin katakon ma a rufe shi, don ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi.

Naka,
Mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa