Wasiƙa zuwa ga 'yata, a kan Hulda da Debora

'Yata Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, Babanki da ƙannenki duk suna lafiya, suna gaishe ki. Na ji an zaɓe ki shugabar zumuntar ɗalibai, na kuma ji wasu na ƙorafi wai mace ba ta shiga gaban maza. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ki buɗe Littafin Sarakuna na biyu, sura 22. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, ana cikin gyaran Haikali a Urushalima, sai Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Doka. Da Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, sai sarki ya yayyage tufafinsa. Ya tashi mutum biyar, har da shi babban firist ɗin, su nemo masa nufin Ubangiji. Wurin wa suka nufa? Wurin annabiya Hulda, matar Shallum mai kula da tufafi. A lokacin Irmiya ya yi shekara biyar yana annabci, amma a ƙofar Hulda suka yi sallama. Ita kuwa ba ta shafa wa maganar zuma ba. Ta ce masifa na tafe domin an bar Ubangiji an bi gumaka, sai dai sarki ba zai gan ta da idonsa ba, tunda ya ƙasƙantar da kansa. Bayan maganar nan ne Yosiya ya tara jama'a, ya sabunta alkawari, ya rurrushe wuraren tsafi.

An fi yin wa'azi a kan Debora, wadda take yanke shari'a a gindin dabino tsakanin Rama da Betel, wadda kuma Barak ya ƙi fita yaƙi da Sisera mai karusan ƙarfe 900 sai tare da ita. Amma ni Hulda ce ta fi shiga raina. Ba ta nemi kowa ba, ita aka zo nema, don an san gaskiya za a ji a bakinta.

To, 'yata, kada ki tsaya ja-in-ja da masu ƙorafi. Ki gaishe su, ki ba su aiki, ki saurare su. Ki riƙe karatun Littafi sosai, kuɗin zumunta kuma a rubuta kowace naira a gaban mutum biyu. Ranar da babba ya yi kuskure, ki faɗa masa da ladabi, amma ki faɗa.

In kin zo hutu za mu karanta waƙar Debora tare, tana Littafin Mahukunta sura 5. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki