Robar numfashi mai dauke da magani, a fara gwada ta da kwayoyin cutarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni dan fili. Ni nas ce, na yi shekaru a dakin da ake jona marasa lafiya da injin numfashi, kuma akwai abin da ya dade yana ci min tuwo a kwarya.

Duk wanda ya taba zare robar nan da ake zurawa ta baki zuwa makogwaro bayan ta kwana hudu ko biyar ya san me nake nufi, in ka daga ta a haske za ka ga cikinta ya yi wani yauki mai danko kamar gansakukar randar da aka dade ba a wanke ba, to wallahi ba majina ba ce kawai, gida ne kwayoyin cuta suka gina, su Pseudomonas da Klebsiella da Acinetobacter, sun manne sun lullube kansu, allurar da muke yi ta jijiya ba ta isa gare su tunda jini ba ya bi ta cikin roba. Inji na hura iska yana tura su huhu. Mutum ya zo da hatsarin mota, bayan awa 48 sai zazzabi, sai nimoniya. Haka na gani da wani saurayi dan acaba, raunin kansa ya fara sauki, mahaifiyarsa har ta fara cewa "Sista yaushe za a cire masa?" Huhu ne ya tafi da shi. Allah ya jikansa.

Shi ya sa nake bibiyar aikin masu bincike da ke cusa antibayotik, wato maganin kashe kwayoyin cuta, a jikin robar tun wajen kera ta, ya rika tsatsafowa a hankali ya hana dankon nan kafuwa. An ma gwada mai rufin azurfa, a 2008 aka fitar da sakamako daga Arewacin Amurka kan mutum sama da 1,500, masu kamuwa da nimoniya suka sauko daga kashi 7.5 zuwa 4.8 cikin dari, duk da dai yawan masu rasuwa bai canza ba.

Amma ga inda gabana ke faduwa. Mu nan ciwon kai Ampiclox, mura Amoxil, a kemis ba takardar likita, a sha kwana biyu a ajiye. Mujallar Lancet ta kiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda kwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka duba yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba. To maganin da aka sa a roba a can kasashen waje, wa ya ce kwayoyinmu za su ji shi? Kuma in yana fita kadan-kadan bai kashe su ba, koya musu jure masa kawai zai yi.

Rokona ga asibitocin koyarwa da sassan hada magunguna na jami'o'inmu, robar da muke cirewa a daina wurga ta duka a shara, a rika kai wasu lab a raini kwayoyin da ke ciki a ga wace kwaya ce kuma wane magani take ji, a rubuta a ajiye. Kafin nan 'yan uwana ma'aikata, a daga kan gado digiri 30 zuwa 45, a goge wa mara lafiya baki, a zuke majina kan lokaci, a wanke hannu tsakanin gado da gado. Hukumomi kuma ku taimaka mana da ruwa da sabulu da safar hannu, don wani daren famfon dakin ma ba ya zuba.

Nagode,
Wata ma'aikaciyar jinya, Kano